Yadda ƙarfe ke ɗaura kabon da kabon: abin da ya kamata ku sani

Idan akwai mai hawan jini a gidanku, wataƙila kun taɓa ganin kwalin magani mai suna losartan. Sinadarin da ke aiki a cikin wannan ƙwaya ba daga bishiya aka tsinko shi ba, ba kuma haƙo shi aka yi daga ƙasa ba. Harhaɗa shi aka yi a masana'anta, gaɓa bayan gaɓa. Ɗaya daga cikin gaɓoɓin da suka fi wuya ita ce ɗaure wasu zobba biyu na kabon a daidai wurin da ake so, kuma wani farin ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyam ne ke yin wannan ɗaurin. A shekarar 2010 mutum uku suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda gano yadda ake sa ƙarfen ya yi haka. Ba sai kun yi karatun kimiyya za ku gane abin da suka gano ba.

Mene ne kabon, kuma me ya sa ake ta maganarsa?

Duk abin da kuke gani ko taɓawa an yi shi ne da wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Sunansu atam. Atam iri-iri ne: akwai na zinariya, na baƙin ƙarfe, na oksijin da muke shaƙa, da na kabon, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin gawayi. Idan atam biyu ko fiye suka riƙe juna suka zama dunƙule ɗaya, dunƙulen shi ake kira molakul. Riƙon da ke tsakaninsu kuwa, a nan za mu kira shi ɗauri.

Kabon ya bambanta da sauran domin kowane atam nasa yana iya yin ɗauri huɗu, kuma yana ɗauruwa da ɗan'uwansa kabon ba iyaka. Daga nan ake samun dogayen jeri, da masu rassa, da zobba. Sukarin da kuke sa wa shayi yana da atam na kabon 12 a kowane molakul. Farasitamol yana da 8, losartan yana da 22. Man gyaɗa, fetur, auduga, leda, naman jikinku, duk ƙashin bayansu jerin kabon ne. Abin da ya raba magani da guba, ko mai da roba, shi ne yadda aka jera kabon ɗin da abin da aka rataya masa.

Saboda haka duk mai son ƙera sabon magani a ɗakin gwaji, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce: yaya zan ɗauko wannan guntun kabon in haɗa shi da wancan?

To ina wahalar take?

Za ku iya cewa, tunda kabon na son ɗan'uwansa, ai zuba su tare kawai za a yi. Ba haka abin yake ba. Kabon da ke zaune cikin molakul ya riga ya cika ɗaurinsa huɗu, ba ya neman kowa. Ku zuba irin waɗannan sinadarai biyu a kwalba ku bar su shekara, yawanci ba abin da zai faru.

Masana na ƙarni na 19 da farkon na 20 sun bi ta hanyar tsokana. A 1855 wani Bafaranshe, Charles Wurtz, ya yi amfani da sodiyam, ƙarfen da ke iya kama wuta idan ya taɓa ruwa, ya tilasta wa guntayen kabon su haɗu. A 1900 wani Bafaranshen, Victor Grignard, ya gano cewa idan aka manna wa kabon ƙarfen magnisiyam, sai kabon ɗin ya zama mai zafin nema, ya afka wa wani kabon ya ɗauru da shi. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1912, kuma har yau ana amfani da hanyarsa. A 1901 Fritz Ullmann ya haɗa zobban kabon biyu da garin jan ƙarfe, amma sai da zafi mai tsanani, wajen digiri 200.

Duk hanyoyin nan suna aiki, sai dai suna da aibi iri ɗaya: ba sa tantancewa sosai. Ku ɗauka kuna da guntu A da guntu B, kuna son A ya haɗu da B. Idan hanyar ba ta bambanta su, A zai haɗu da wani A, B ya haɗu da wani B. A lissafi, rabi kawai za ku samu na abin da kuke so, ragowar rabin shara ne, kuma shara mai wuyar rabuwa da kayan kirki domin duk kamarsu ɗaya. Sinadarin Grignard kuma yana da wata matsalar. Tsananin zafin nemansa ya sa ɗigon ruwa kaɗan ke kashe shi, kuma idan molakul ɗin yana da wasu sassa masu laushi, su ma zai afka musu. A ƙaramin molakul wannan ba komai ba ne. A babban molakul da aka sha wahalar watanni ana ginawa, asara ce babba.

Ga lissafin da ke hana masu masana'anta barci. Idan haɗa magani na buƙatar matakai 10, kuma a kowane mataki ana tsira da kashi 80 cikin ɗari, abin da zai rage a ƙarshe bai kai kashi 11 ba. Idan kuwa kowane mataki na ba da kashi 95, za a ƙare da kusan kashi 60. Tazarar da ke tsakanin 11 da 60 ita ce tazarar da ke tsakanin maganin da talaka zai iya saye da wanda sai dai ya ji labarinsa.

Mene ne katalis?

Katalis shi ne duk wani abu da ke sa sinadarai su haɗu da sauri, ko su haɗu inda da ba za su haɗu ba, amma shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Ku tuna dillalin kasuwar kara. Mai saniya na tsaye can, mai saye na tsaye nan, kowa ya ɗaure fuska. Dillali ya kamo hannun wannan, ya kamo na wancan, ya kusanto da su har a yi sallama. Ana gamawa ya saki, ya nufi wani cinikin. Saniyar ba tasa ba ce, ba kuma ya bin ta gida. Aikin faladiyam ke nan, sai dai shi ko la'ada ba ya karɓa.

Tunda ba ya ƙarewa, kaɗan ake sawa. Sau da yawa atam ɗaya na faladiyam ya ishi molakul ɗari, a wasu masana'antu ma dubu ko fiye, domin yana gama wannan haɗin zai koma ya kama wani.

Yaya faladiyam ke yin aikin?

Kafin a kira shi sai an shirya ɓangarorin biyu. Guntu na farko ana liƙa masa alama a daidai kabon ɗin da ake so a ɗaura. Alamar atam ɗaya ce daga dangin da ake kira halojin, wato kulorin, buromin ko aidin. Kun san biyu daga cikinsu: kulorin shi ake sa wa ruwan famfo, aidin kuma shi ake ƙara wa gishiri saboda maƙoƙo. Guntu na biyu shi ma ana liƙa masa tasa alamar, ko dai tutiya ko wani sinadari mai suna boron.

Daga nan abin yana tafiya a zagaye mai hawa uku. Da fari faladiyam zai kutsa tsakanin kabon da buromin ɗinsa, ya raba su, ya riƙe kowanne a gefe guda. Sannan guntu na biyu ya matso, ya miƙa wa faladiyam nasa kabon ɗin, buromin kuma ya fice ya tafi a matsayin gishiri. Yanzu kabon biyun da ake so su haɗu suna maƙale a jikin atam ɗaya na ƙarfe, dab da juna. A hawa na uku sai su ɗauru, su saki ƙarfen, shi kuma ya koma yadda yake tun farko.

Ku lura da abin da ya sa wannan ya fi tsohuwar hanya. Ba a tsokani kabon ɗin har ya haukace ba. Kabon mai ɗauke da boron lafiyayye ne, ba ya taɓa kowa sai faladiyam ya karɓe shi. Faladiyam kuma a hawan farko mai alamar halojin yake nema, a hawa na biyu mai alamar boron. Tsarin zagayen da kansa ne ke sa A ya haɗu da B.

Me ya sa faladiyam, ba zinariya ko dalma ba? Domin yana tsaka-tsaki. Yana da karsashin kutsawa tsakanin kabon da halojin, amma riƙonsa bai yi tsananin da zai ƙi saki ba. Ƙarfen da ya kama ya ƙi saki, sau ɗaya zai yi aiki ya tsaya.

Su wa suka gano wannan?

A shekarun 1950 wani kamfanin Jamus mai suna Wacker ya fara amfani da faladiyam wajen sarrafa iskar etilin, wadda ake samu daga man fetur. Wannan ya ja hankalin wani Ba'amurke, Richard Heck, da ke aiki a kamfanin Hercules a jihar Delawaya. A 1968 ya wallafa jerin rahotanni, shi kaɗai, yana nuna cewa faladiyam na iya ɗaura zoben kabon a jikin molakul mai ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon. Hanyarsa ta farko da sinadarin zaiba take aiki, wanda guba ne. A 1972 ya fito da wadda ba ta buƙatar zaiba. Shekara guda kafin haka wani Bajafane, Tsutomu Mizoroki, ya ba da rahoton kusan abu ɗaya, shi ya sa wasu ke haɗa sunayensu biyu. Mizoroki ya rasu a 1980, kuma ba a ba mamaci kyautar Nobel.

Hanyar Heck ta ɗan bambanta da zagayen da aka bayyana a sama, domin guntu na biyu ba ya buƙatar wata alama. Ɗauri biyun da ke jikinsa shi ne alamarsa.

Sauran biyun da suka raba kyautar 2010 da Heck Jafanawa ne, kuma dukansu sun yi almajiranci wurin malami ɗaya, Herbert Brown na Jami'ar Purdue a Amurka, wanda ya samu tasa kyautar Nobel a 1979 kan sinadaran boron. Ei-ichi Negishi ya bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai miƙa wa faladiyam kabon cikin ruwan sanyi, har ya tsaya a kan tutiya a 1977. Akira Suzuki, tare da abokin aikinsa Norio Miyaura a Jami'ar Hokkaido da ke arewacin Japan, sun nuna a 1979 cewa boron zai yi, muddin aka ƙara wani sinadari mai kashe tsami. Cikin waɗanda ake yawan sawa akwai sodiyam kabonet, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin kanwa.

Hanyar Suzuki ce ta fi karɓuwa a masana'antu, kuma dalilan a fili suke. Sinadaran boron ba sa tsoron iska ko ruwa, ana iya ajiye su a kwalba, kuma abin da suke bari bayan aiki ba shi da guba sosai. Akwai wata hanyar ta John Stille mai aiki da kuza, tana da kyau a ɗakin gwaji, amma sinadaran kuza masu ɗauke da kabon guba ne, don haka masu yin magani ke kauce mata. Suzuki bai yi wa hanyarsa rajistar mallaka ba, kowa ya ɗauka kyauta, wannan ma ya taimaka wajen yaɗuwarta.

Heck ya yi ritaya tun 1989, daga baya ya koma ƙasar Filifin da zama. Can labarin kyautar ya iske shi, shekara 42 bayan rahotanninsa na farko. Ya rasu a Manila a 2015.

Me ake nufi da cewa haɗin yana zaɓe?

Nan ne gundarin maganar. Ɗaura kabon da kabon, an daɗe da iyawa. Abin da aka samu sabo shi ne a ce wa sinadari ga inda za ka ɗauru, ga inda ba ruwanka, ya kuma ji. Zaɓen nan hawa-hawa ne.

Na farko kun riga kun gani: zaɓen abokin haɗi, A da B.

Na biyu shi ne zaɓen wuri. Faladiyam ba ya ɗaukar halojin ukun daidai wa daida. Ya fi saurin kutsawa inda aidin yake, sannan buromin, kulorin ne na ƙarshe, domin ɗaurin kabon da aidin ya fi rauni, na kulorin ya fi ƙarfi. Masana sun mai da wannan dabara. Sai su ɗauko zobe ɗaya mai aidin a gefe guda da kulorin a wani gefen. A zagayen farko, da zafi kaɗan, a ɗaura wani guntu a gurbin aidin, kulorin na nan ba a taɓa shi ba. Sannan a canza yanayi a ɗaura wani guntu daban a gurbin kulorin. Zobe ɗaya ya samu rassa biyu mabambanta, kowanne a inda aka tsara masa.

Na uku shi ne ƙyale abin da ba a aike shi ba. Molakul na magani cike yake da sassa masu laushi, masu ɗauke da oksijin da naitirojin, kuma yawanci su ne ke yin aikin a jikin mutum. A tsohuwar hanya sai an bi kowanne an rufe shi da wani sinadari kafin a yi haɗin, a dawo a buɗe bayan an gama. Rufewa mataki ne, buɗewa mataki ne, kowanne da asararsa. Faladiyam yakan wuce ta gefen yawancinsu bai kula su ba, sai matakan su ragu.

Na huɗu ya fi wuyar gani a zuci, shi ne zaɓen siffa. Molakul biyu na iya zama da atam iri ɗaya, a jere iri ɗaya, amma reshen wannan ya kalli gabas, na wancan ya kalli yamma, kuma jikin mutum yana bambanta su. Maganin ciwon gaɓoɓi mai suna naproxen yana da siffa biyu irin haka, ɗaya ce kawai ake sayarwa a matsayin magani. Misalin da ya fi kusa da ku ma yana cikin rumbu. Buhun da ake zuba taki ko masara a ciki da robar folifurofilin ake saƙa shi, wato dogon jerin kabon mai ƙananan rassa. Idan rassan suka fito barkatai, abin da za a samu danƙo ne mai yauƙi, ba shi da ƙarfi. A 1954 wani Ba'italiye, Giulio Natta, ya yi amfani da katalis na ƙarfen titaniyam, irin wanda Karl Ziegler na Jamus ya gano a 1953, ya sa rassan suka kalli gefe ɗaya. Sai aka samu roba mai ƙwari da ake iya ja ta zama zare. Su biyun sun raba kyautar Nobel a 1963. Irin wannan robar ake yi a masana'antar Eleme da ke Jihar Ribas.

To wa ke gaya wa ƙarfen abin da zai zaɓa? Ba shi kaɗai yake zuwa aiki ba. Ana kewaye shi da wasu molakul da ake kira ligan, yawancinsu masu ɗauke da sinadarin fosforas. Suna hana atam na ƙarfen dunƙulewa su zube a gindin tukunya kamar baƙin gari, wanda idan ya faru aiki ya tsaya. Suna kuma tare hanya ta yadda sai mai siffar da ta dace zai iso wurin ƙarfen. Ku canza ligan, halin ƙarfen ya canza. Shekaru da dama sinadarai masu kulorin, waɗanda suka fi araha, sun gagari faladiyam. A 1998 rukunin Stephen Buchwald da na Gregory Fu, dukansu a jami'ar MIT ta Amurka a lokacin, suka nuna cewa manyan ligan masu cika wuri na sa ya kama su cikin sauƙi. A ganina, bayan aikin mutum ukun farko, wannan gyaran na cikin abubuwan da suka fi sauƙaƙa wa masana'antu, ko da yake ba a cika jin labarinsa a wajen ɗakunan gwaji ba.

Ina abin ya shafe ku?

A kantin magani ya fi yawa. Ban da losartan, wanda kamfanonin DuPont da Merck suka fito da shi a shekarun 1990, akwai montelukast na masu asma, wanda ake haɗa wani sashensa ta hanyar Heck. Akwai magungunan kansa irin su lapatinib da crizotinib, masu buƙatar haɗin Suzuki. Haka ma lenacapavir, allurar kariya daga cutar ƙanjamau da ake yi sau biyu a shekara, akwai haɗin faladiyam a cikin matakan ƙera ta. Binciken da aka yi kan ayyukan masu neman sababbin magunguna ya nuna haɗin Suzuki na sahun gaba a cikin hanyoyin da suka fi amfani da su kullum.

A gona akwai boscalid, maganin feshi na kashe cututtukan fumfuna da kamfanin BASF na Jamus ke yi da haɗin Suzuki, fiye da tan dubu a shekara. A aljihunku kuma, sinadaran da ke cikin gilashin waya da talabijin, masu fitar da hoto da launi, da yawansu zobban kabon ne da aka jera ta wannan hanya.

Yawancin masana'antun magani na Nijeriya ba su ne ke yin wannan haɗin ba. Garin sinadarin suke sayowa, galibi daga Indiya da Sin, su auna, su gauraya, su buga ƙwaya. Don haka duk abin da ya taɓa farashin haɗin a can, ko farashin dala a nan, yana isowa kan teburin mai kemis ɗin unguwarku.

Nawa ne kuɗin ƙarfen?

Faladiyam ɗan gidan filatinam ne, kuma yana da ƙaranci a ƙasa. Wani Bature ɗan Ingila, William Wollaston, ne ya gano shi a farkon shekarun 1800. Mafi yawan wanda ake haƙowa a duniya daga ƙasashe biyu yake fitowa: Rasha, daga yankin Norilsk mai tsananin sanyi, da Afirka ta Kudu, daga yankin Bushveld. Da awon oza ake sayar da shi, wato giram 31 da ɗan ɗoriya. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, oza ɗaya ta haura dala 3,000. Zuwa 2024 ta faɗo wajen dala 1,000.

Masu yin magani ba su ne ke juya wannan kasuwa ba, ƙananan masu saye ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na faladiyam ɗin duniya a salansar mota yake ƙarewa, cikin tukunyar nan mai tace hayaƙi wadda makanikanmu ke kira indomi. Ƙarfen da ke cikinta ne ya sa ɓarayi ke yanke ta, ya kuma sa ake samun masu sayen tsohuwarta.

A masana'antar magani, kuɗin ƙarfen kansa ba shi ne duka ba, tunda kaɗan ake sawa kuma ana tattara wanda aka yi aiki da shi a mayar wa matata. Wani lokaci ligan ɗin ma yana da tsadar da ta kai ta ƙarfen. Sannan ga ruwan sinadaran da ake narkar da kayan a ciki, da na wankewa. An ƙiyasta cewa kowane kilo na magani yana barin sharar kilo 25 zuwa 100, mafi yawanta irin wannan ruwan. Duk matakin da zaɓen faladiyam ya sa aka tsallake, ganguna ne na shara da ba a samar ba.

Ƙarfen ba ya saura a cikin maganin da muke sha?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce yana saura, amma ɗan mitsitsi. Bayan an gama haɗi ana bi da kayan ta cikin gawayi na musamman ko wasu sinadarai masu kama ƙarfe, a sake narkarwa a daskarar, sannan a auna da na'ura. Ƙa'idar da manyan hukumomin magani na duniya suka amince da ita ta ce faladiyam ɗin da mutum zai haɗiya ta hanyar magani kada ya wuce maikirogiram 100 a rana. Maikirogiram ɗaya shi ne giram ɗaya an raba shi gida miliyan. Kamfanin kirki yana auna wannan a kowane rukunin kaya kafin ya fitar. Mai yin jabu ba ya auna komai, amma shi matsalarsa ta wuce ta ƙarfe, domin wataƙila ma babu sinadarin maganin a cikin ƙwayar. Lambar rajistar NAFDAC da sayen magani a wurin da aka sani su ne kariyar da ke hannunku.

Hanyar ba ta da aibi ne?

Tana da shi, har da wanda nasararta ta jawo. Haɗin Suzuki ya fi iya ɗaura zobba masu faɗi, shimfiɗaɗɗu. Da yake yana da sauƙi kuma ba ya ba da kunya, masu neman magani suka yi ta ƙera irin waɗannan molakul, har ɗakunan ajiyar kamfanoni suka cika da su. A 2009 wasu masana a wani kamfanin magani na Amurka suka nuna cewa molakul masu tudu da kwari sun fi shimfiɗaɗɗun kai wa ga zama magani, wani ɓangare saboda sun fi narkewa a ruwa. Wato kayan aikin ya soma zaɓa wa masu aikin abin da za su ƙera. Ɗaura kabon da ba na zobe mai faɗi ba kuwa ya fi wuya, domin faladiyam yakan fizge atam na haidurojin daga maƙwabcin kabon ɗin ya ɓata haɗin kafin a kai hawa na uku.

Aibi na biyu shi ne alamomin nan. Kafin a yi haɗin sai an ɓata matakai ana liƙa buromin a nan, boron a can, sannan a zubar da su duka a ƙarshe. Masu bincike da yawa yanzu suna neman yadda ƙarfe zai kama kabon kai tsaye ta wurin haidurojin da ke jikinsa, ba tare da alama ba. An samu ci gaba, amma wahalar a bayyane take: molakul ɗaya na iya ɗaukar haidurojin ashirin masu kama da juna, kuma ɗaya ake so.

Za a iya yi ba tare da faladiyam ba?

Ana ƙoƙari. Nikel, wanda ke gida ɗaya da faladiyam a jadawalin sinadarai, ya fi shi araha fiye da sau dubu, kuma tun 1972 Makoto Kumada a Japan da Robert Corriu a Faransa suka nuna yana ɗaura kabon. Baƙin ƙarfe ma yana yi, Jay Kochi ya nuna haka a 1971. A 2014 wasu rukunoni a Amurka suka haɗa nikel da hasken fitila mai shuɗi, suka ɗaura irin kabon ɗin da ke gagarar faladiyam. Sai dai waɗannan ƙarafa sun fi wuyar sarrafawa, sukan buƙaci a zuba su da yawa, kuma kamfanin da ya riga ya samu amincewar hukuma kan hanyar da yake bi ba ya gaggawar canza ta.

Wasu sun yi zaton ma za a iya yi ba ƙarfe kwata-kwata. A 2003 wasu masu bincike a Landan suka ba da rahoton cewa sun yi haɗin Suzuki a cikin ruwa ba su sa faladiyam ba. Da suka sake bin diddigi, sai suka gano cewa sodiyam kabonet ɗin da suka saya yana ɗauke da ɓurɓushin faladiyam, kamar kashi 50 cikin biliyan ɗaya, kuma wannan ɗan abin ne ya yi aikin duka. Su da kansu suka wallafa gyaran a 2005. A 2021 aka sake irin haka: wani rukuni ya ce ya samu katalis marar ƙarfe, wasu ɗakunan gwaji suka gwada, suka tarar da faladiyam maƙale a jikinsa tun daga matakin da aka ƙera shi, aka janye rahoton kafin shekarar ta ƙare. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo da irin wannan iƙirari, ana fara neman ya kawo awon ƙarfen da ke cikin kayansa, da tukunyarsa, har da ɗan sandan da ya juya haɗin da shi.